Dokin da Bai Taɓa Ci Ba: A Ƙara Masa Lokaci Ko a Sallame Shi?

Da wuya a sami bargar dawakin tsere da ba a taɓa yin wannan gardama a cikinta ba. Matashin doki ne, ɗan shekara biyu ko uku, an sayo shi da tsada ko kuwa haifaffen gida ne da aka ɗora wa buri. An fitar da shi fili sau huɗu, sau biyar, sau shida, kullum sai dai ya shigo yana shaƙar ƙurar wasu. Mai doki ya zo da yamma ya tsaya bakin turke, mai horarwa yana ta ba shi baki: "Ranka ya daɗe, ƙasa ce ba ta yi masa ba ranar." Wancan karon kuma an tare masa hanya ne a kwana. Na kafin shi, tashi ne bai yi da kyau ba. Doki kuwa bai fasa cin hatsinsa ba, likita bai fasa karɓar nasa ba, yaran barga suna jiran ƙarshen wata. A nan mutane kan rabu gida biyu, masu cewa a yi haƙuri da masu cewa a sallama tun dare bai yi ba.

Masu haƙuri suna da wani labari da ba sa gajiya da bayarwa, na wani doki a Amurka mai suna Sir Barton. An haife shi a 1916 a gonar John E. Madden da ke jihar Kentucky. A 1918, yana ɗan shekara biyu, ya fita tsere sau shida bai ci ko ɗaya ba. Madden da kansa, da ya ga fita huɗu babu labari, sai ya sayar da shi ga wani attajirin Kanada, J. K. L. Ross, a kan kimanin dala 10,000. Dokin yana da laushin kofato, takalmin ƙarfe ba ya zama masa, ga baƙin hali. A ƙarshen shekarar ma wani doki ya harbe shi, ciwon ya shiga jini, ya sha jinya. Da watan Mayun 1919 ya kama, aka sa sunansa a gasar Kentucky Derby, ba don ana sa ran zai ci ba. Ross yana da wani doki, Billy Kelly, wanda shi ne abin ji da shi a bargar. Aikin da aka ba Sir Barton shi ne ya fita da gudu tun daga tashi, ya ja manyan abokan hamayya su bi shi su ƙarar da ƙarfinsu, sannan Billy Kelly ya zo daga baya ya kwashe. Mahayin bargar, Earl Sande, da aka ba shi zaɓi, Billy Kelly ya hau. An yi ruwa, fili ya caɓe. Sir Barton ya yi gaba kamar yadda aka tsara, sai dai gajiyar da ake jira ba ta zo ba. Ya shiga da ratar tsawon doki biyar, Billy Kelly na biye da shi. Bayan kwana huɗu ya ci Preakness a Baltimore, ya ci Withers, ya ci Belmont a New York ranar 11 ga Yuni, manyan gasa huɗu ke nan cikin kwana 32. Shi ne dokin farko da ya haɗa Derby da Preakness da Belmont a shekara ɗaya, abin da dawaki 13 kacal suka yi har yau.

Ba labari kaɗai suke da shi ba, suna da dalilai da suka shafi jikin doki. A ƙasashen arewacin duniya, duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara a takarda, ko a wane wata aka haife shi. Ɗan ƙarshen Janairu da ɗan tsakiyar Mayu duk 'yan shekara biyu ne a idon alƙalai, a layi ɗaya za su tsaya, alhali wata uku da rabi a wannan ƙuruciyar ba ƙaramar rata ba ce. Ƙasusuwan gwiwa ba sa gama haɗewa sai wajen shekara biyu, na gadon baya kuwa sai doki ya kai biyar ko shida. Da yawa daga cikin ƙananan nan suna gudu ne da ciwon ƙwauri da horo ya jawo, ciwon da hutu kawai ke warkarwa. Sannan tsere kansa abin koyo ne. Dokin da ya saba da shirun asuba a filin horo, yau an cusa shi cikin akwatin tashi na ƙarfe, ƙofa ta buɗe da ƙara, dawaki goma sun matse shi, rairayi yana watso masa a ido da hanci, jama'a na ihu. Wani ya ɗaga kai ya ja baya, wani ya zabura ya ƙarar da numfashinsa kafin rabin hanya. Secretariat ma, wanda ya ci Belmont a 1973 da ratar tsawon doki 31, a fitarsa ta farko ranar 4 ga Yulin 1972 bangaje shi aka yi a wajen tashi, ya zo na huɗu.

Akwai kuma maganar nisa da irin ƙasa. Tseren 'yan shekara biyu na farkon kaka gajeru ne, mita 1,000 zuwa 1,200, na masu zafin nama. Dokin da jininsa na dogon zango ne, wanda sai an wuce mita 2,000 yake fara jin daɗin kansa, kafin ya miƙe ƙafa an gama. Cigar ya ci biyu ne kawai a tsere 13 na farkonsa, yawancinsu a kan ciyawa. Da mai horar da shi, Bill Mott, ya maida shi kan turɓaya a ƙarshen 1994, sai ya jera ci 16 ba faɗuwa, ciki har da Kofin Duniya na Dubai na farko a 1996.

Babban makaminsu dai shi ne Seabiscuit. Jikan shahararren doki Man o' War ne, amma gajere, mai karkatattun gwiwoyi, mai son barci da ci. Ya fita sau 17 kafin ya ga ci na farko. A shekarar 1935 kaɗai an gudanar da shi sau 35, nauyin da yau babu mai ɗora wa ɗan shekara biyu. An sha sa shi a irin tseren da ake liƙa wa doki farashi, duk mai so ya biya ya ja abinsa, a kan dala 2,500, ba wanda ya taya. A watan Agustan 1936 Charles Howard ya saye shi dala 8,000 ya miƙa wa mai horarwa Tom Smith. Smith ya tarar da doki ramamme, mai faɗa, wanda ya tsani fili. Ya gyara masa abinci, ya ƙyale shi ya yi barcinsa, ya haɗa shi kwana da wani tsohon doki mai sanyin hali da ake kira Pumpkin. A 1937 Seabiscuit ya ci 11 cikin 15. Ranar 1 ga Nuwamban 1938 a filin Pimlico ya kara da War Admiral su biyu rak, ya bar shi da ratar tsawon doki huɗu.

Ɗaya ɓangaren sukan saurari duk wannan, sannan su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hujjarsu ta farko lissafi ne. Ana ba da labarin Sir Barton da Seabiscuit ne saboda irinsu ba su da yawa. Dubban dawakin da suka fita sau shida ba ci, aka ƙara musu shida, aka ƙara wasu shidan, suka ƙare yadda suka fara, babu mai rubuta littafi a kansu. Tun da aka fara Kentucky Derby a 1875, dawaki uku ne kawai suka ci ta ba tare da sun taɓa cin wani tsere ba: Buchanan a 1884, Sir Barton a 1919, sai Brokers Tip a 1933. Shi wannan na ƙarshen ma shaida ce a hannun masu cewa a sallama, domin a fita 14 da ya yi a rayuwarsa, wannan ɗin ce kaɗai ya ci, da ƙyar, mahayinsa da na biyu suna cacumar juna har bakin layi. Fiye da shekara 90 ke nan ba a sake ba.

Sukan ƙara da cewa abubuwan da mai doki ke rarrashin kansa da su, wato asali da tsada, ba su ne ke gudu a fili ba. A 2006 an sayi wani ɗan shekara biyu, The Green Monkey, a gwanjo a jihar Florida kan dala miliyan 16, bayan ya yi gwajin kimanin mita 200 cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Ya fita sau uku, mafi kyawun abin da ya yi shi ne na uku, abin da ya samo duka bai fi dala 10,000 da 'yan kai ba. A 1983 Sheikh Mohammed na Dubai ya biya dala miliyan 10.2 a kan Snaafi Dancer, wanda ko fili ba a kai shi ba saboda rashin gudu. Zippy Chippy jikan Northern Dancer ne, jini mafi daraja a zamaninsa. Ya fita sau 100, ya faɗi sau 100. Mai shi da tsohuwar motar ɗaukar kaya ya musanyo shi, kuma har filin Finger Lakes ya hana shi shiga a 1998, saboda yakan tsaya cak a akwatin tashi bayan kowa ya wuce.

Sai kuɗi. A Ingila riƙe dokin tsere ɗaya a hannun mai horarwa yakan haura fam 20,000 a shekara, kuma kowace faɗuwa rage masa daraja take yi. Dokin da ya fita sau biyu ya zo na huɗu, mai saye yana iya hango alheri a tare da shi ya biya. Wanda ya fita sau goma sha biyu ya riga ya tona wa kansa asiri. A nan akwai wani abin da ba a cika faɗa a gaban mai horarwa ba: shi kuɗin horo yake karɓa kowane wata, ko an ci ko ba a ci ba, saboda haka shawararsa ta a ƙara haƙuri, ko da zuciya ɗaya ya ba da ita, ba ta mai kallo daga gefe ba ce. Japanawa sun yanke wa kansu wannan gardama da doka. A manyan filayen hukumar tseren ƙasar, gasar 'yan shekara ukun da ba su taɓa ci ba takan ƙare wajen farkon Satumba. Dokin da bai ci ba zuwa lokacin, kusan dole ya koma ƙananan filayen larduna, ko tseren tsallake shinge, ko ya bar sana'ar.

Daga ɗaya daga cikin ƙananan filayen nan ne aka sami goɗiyar da kowane ɓangare ke ja zuwa wajensa. Haru Urara ta fara tsere a Kochi a watan Nuwamban 1998, ta zo ta ƙarshe. Ta ci gaba da faɗuwa shekara da shekaru, har 'yan jarida suka gano ta a 2003, lokacin da filin Kochi kansa yake gab da rufewa don rashin kuɗi. Jama'ar da tattalin arziki ya matsa suka ga kansu a jikinta, suka riƙa tururuwa. Ranar 22 ga Maris 2004 Yutaka Take, mahayi mafi suna a ƙasar, ya hau ta a gaban mutum kusan 13,000, ta zo ta 10 cikin 11. Ta yi ritaya da fita 113 babu ci ko ɗaya, filin kuma ya tsira. Masu haƙuri suna cewa ga shi nan, doki yana da amfanin da ya wuce ci. Masu sallama suna cewa mahayin da ya fi kowa ma ya hau bai canja komai ba, abin da babu shi babu shi. A ganina duka biyun sun kauce, domin labarinta na farin jini ne, ba na gudu ba, kuma babu mai dokin da zai iya tsara irinsa da gangan.

Inda na fi karkata shi ne cewa yawan faɗuwa, shi kaɗai, ba ya gaya wa mutum abin kirki. Wanda ya tsaya ƙirga shi kamar uban da ya ga ɗansa ya zo na goma ne ya hau faɗa, bai tambayi su nawa ne a ajin ba, kuma ajin su wa ne. A koma kan takardar Sir Barton a karanta ta da kyau. Tseren nan shida da ya faɗi manyan gasa ne na zaƙaƙuran tsararsa, ba a taɓa sauko da shi cikin 'yan koyo ba. A na shidan, gasar Futurity a filin Belmont, wadda tana cikin mafi tsoka ga 'yan shekara biyu a lokacin, na biyu ya zo. Mai horar da shi, Guy Bedwell, ya nemo wa kofaton dabara, yana sa ƙyallen ulu mai kauri tsakaninsa da takalmin ƙarfe. Kuma ranar Derby, da yake bai taɓa ci ba, ƙa'idar lokacin ta rage masa nauyin da zai ɗauka a kan na manyan abokan karawarsa. Ashe dokin da aka kira marar ci doki ne mai tasowa, wanda aka yi ta haɗawa da waɗanda suka riga shi nuna. Haka Seabiscuit, haka Cigar. A kowane labari da masu haƙuri ke kafa hujja da shi, an canja wani abu ne takamaimai, ko hannu, ko ƙasa, ko nisa, ko ƙafa. Babu wanda zaman jira kawai ya gyara.

Masu karanta takardar tsere a Ingila sukan ga lambobi jere a gaban sunan doki, kowace tana nuna matsayin da ya zo, sifiri kuwa yana nufin bai shiga tara na farko ba. A ɗauki dawaki biyu, ɗaya 07532, ɗaya 22322. Ido zai fi son na biyun, ga shi kullum a bakin ƙofa. Amma mutanen barga sun fi tsoronsa. Sun san irinsa: yakan taho da ƙarfi har ya jera da na gaba, wuya da wuya, sai ya ɗaga kai, ya kwantar da kunne, ya ƙi wucewa. Ko an sauko da shi cikin raunana, na biyun zai sake zuwa. Akan gwada masa makarin ido don ya daina kallon na gefe, akan yi masa dandaƙa in rawar kai ce ta yi yawa, wani lokaci a dace, sau da yawa a'a. Na farkon kuwa kowace fita yana matsowa. Abin da za a bincika a kansa shi ne su wa suka riga shi, kuma me suka yi bayan nan. In wanda ya kayar da shi da tsawon doki biyu ya je ya ci babbar gasa, to faɗuwar nan ta fi cin wani ƙaramin tsere daraja. A kuma duba mita 200 na ƙarshe, yana cim ma na gaba ne ko suna ƙara yi masa nisa. Tsawon doki ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, don haka wanda aka bari da uku bai cika daƙiƙa ɗaya a baya ba, wanda aka bari da ashirin kuwa ba ajinsu ɗaya ba. A Ingila, bayan fita uku akan ba doki maki, ya shiga tseren da ake daidaita nauyi gwargwadon ƙarfi, kuma nan ne da yawa ke samun cin farko. Masu wayo ma sukan yi fita ukun a nisan da bai dace da dokin ba don makin ya yi ƙasa, abin da alƙalai ke sa wa ido.

Duk da haka ba zan yarda da masu haƙuri ba in suna nuna kamar wanda ya sayar wawa ne. Madden da ya rabu da Sir Barton ya kiwata dawaki biyar da suka ci Kentucky Derby. Sunny Jim Fitzsimmons da Seabiscuit ya bar hannunsa shi ya horar da Gallant Fox da Omaha, biyu daga cikin dawaki goma sha ukun nan da suka haɗa Derby da Preakness da Belmont. Mutanen da suka fi kowa ido ke nan a zamaninsu, kuma a yawancin dawakin da suka sallama su ne da gaskiya. Mai barga yana da turke ƙidayayye, kowane doki da ya riƙe ya hana wani wuri.

Saboda haka haƙurin da nake goyon baya mai iyaka ne, mai aiki a cikinsa. A ba matashin doki har ƙarshen shekararsa ta uku, amma kowace fita ta zama gwajin wani abu: yau an ƙara nisa, gobe an canja ƙasa, jibi an sauko da shi aji, an duba maƙogwaro da huhu, an ba shi hutun wata biyu. Ranar da mai horarwa ya rasa sabon abin da zai gwada, ya koma maimaita uzurin bara, to an zo ƙarshe. Kuma a nan haƙƙin dabbar ya shigo, domin dokin da ake ta turawa ya bi waɗanda suka fi shi gudu, a jijiyar ƙafarsa abin ke ƙarewa. Haru Urara ta kai shekara 29, Zippy Chippy ya kai 31, don sun yi sunan da ya sa wasu suka ɗauki nauyin cinsu har mutuwa. Sauran abokan faɗuwarsu ba su da wannan gata, darajarsu tana ga lafiyar ƙafafun da suka fita da su.

Ta wannan fuska mai dokin sukuwa a Kano ko Katsina ko Yamai ya fi takwaransa na Kentucky mafita. Dokin da ya kasa a filin sukuwa, in yana da ƙira da kyan tafiya, masu hawan Sallah da hawan angwanci da 'yan kilisa suna nemansa. Ga kuma folo, wadda ta kafu a Katsina tun zamanin Sarki Dikko. Ita ba ta neman dogon numfashi a miƙe, tana son doki mai zabura, mai tsayawa da juyawa nan take, mai jin linzami. Dokin da ke jan gaba a mita 600 na farko sannan ya saki, wanda ya ƙona wa mai shi rai a sukuwa, yana iya zama abin da ɗan folo ke nema, muddin an kai masa shi yana ɗan shekara huɗu da jijiyoyinsa lafiya.